Tokar Gidan Anne Bradstreet: Baki Ya Sallama, Zuciya Na Waiwaye

A daren 10 ga Yuli, 1666, gobara ta cinye gidan Anne Bradstreet a garin Andover da ke yankin Massachusetts, a ƙasar da daga baya ta zama Amurka. Daga wannan masifa ta rubuta waƙa mai ɗango 54, bibbiyu masu amsa-amo ɗaya, wadda har yau ake karantarwa a darussan adabin Amurka na farko. Masu nazari da yawa sun ɗauke ta a matsayin wa'azin gudun duniya. Mu kuwa muna ganin darajarta tana cikin yadda marubuciyar ta kasa gudun duniyar cikin sauƙi.

An haifi Anne a Ingila a 1612, ta tsallaka teku a 1630 tare da mahaifinta Thomas Dudley da mijinta Simon Bradstreet, waɗanda dukansu suka riƙe gwamnan yankin. 'Yan Furitan ne, wato Kiristocin da suka ga cocin Ingila bai gama tsarkakuwa ba, suka yi hijira don su yi addini yadda suka fahimta. A aƙidarsu babu abin da ke faruwa bisa tsautsayi kawai. Ciwo, fari, gobara, duk saƙo ne daga Ubangiji, kuma aikin mumini shi ne ya karanta saƙon ya binciki zuciyarsa. Littafinta na farko ya fito a Landan a 1650, amma wannan waƙar ba ta buga ta ba. Ta zauna cikin takardun iyali har 1867, kusan shekara 200 bayan rasuwarta a 1672. Ke nan da kanta take magana, babu wanda take son burgewa.

Waƙar ta buɗe da ihun gobara cikin dare. Tun kafin a yi nisa, a ɗango na 14, marubuciyar ta riga ta gode wa Wanda ya bayar ya kuma karɓe, irin godiyar Annabi Ayuba. Ta amince cewa kayan nasa ne tun asali. Da wa'azi zalla take yi, a nan za ta ajiye alƙalami.

Sai ga shi ba ta tsaya ba. Bayan sallamawar ne ta gaya mana tana yawan wucewa ta kangon, idonta na bin wuraren da ta saba zama da kwanciya. Ta nuna inda akwati yake, da inda adaka take. Ta tuna cewa baƙo ba zai ƙara zama ƙarƙashin rufin ba, ba za a ƙara cin abinci a teburin ba, ba hira, ba hasken kyandir, ba muryar ango. Nan ne waƙar ta fi rai. Mun lura ba ta kawo kuɗin komai ba. An ruwaito cewa littattafai kusan 800 sun ƙone, har da wasu rubuce-rubucenta, a zamanin da abin da wuta ta ci ba shi da kwafi a wani wuri, amma ba ta ambace su ba. Abin da take kuka a kai shi ne zaman da kayan suka riƙe. Tebur katako ne kawai, sai an tuna waɗanda suka kewaye shi.

Daga nan ta juya ta tsawata wa zuciyarta da tambayoyi a jere, ta tuna mata gidan sama wanda Babban Magini ya gina, wanda a imaninta Almasihu ya riga ya biya kuɗinsa. A ganinmu wannan kashi ya fi rauni ta fuskar fasaha. Gidan da ya ƙone muna ganinsa lungu-lungu, na sama kuwa yabo kawai muke ji, babu ko kujera ɗaya da ido zai sauka a kai. Wasu masu nazari sun kafa hujja da haka cewa a ɓoye tawaye take yi wa aƙidarta. Ba mu bi su ba. Wanda bai yi imani ba ba zai wahalar da kansa yana rarrashin zuciyarsa har sau biyu ba. Kuma raunin yana da dalili: ta zauna a gida ɗaya, ɗayan kuwa alkawarinsa kawai take riƙe da shi.

Duk wanda ya taɓa zuwa jajen gobara ya san wannan hali. Mai gida zai ce haka Allah ya so, da gaskiyarsa kuma, sannan a gan shi da yamma yana tona toka da sanda. Bradstreet ta bar mana duka biyun a takarda, a jeren da suke zuwa wa ɗan Adam: sallamawa, waiwaye, sannan sabuwar sallamawa wadda ta fi ta farko tsada. Haƙuri, in ji Hausawa, maganin zaman duniya ne. Waƙar ta ƙara mana cewa ba sau ɗaya ake shan maganin ba.