Jinjina ga Jajojin Nana Asma'u

Duk wanda ya yi nazarin tarihin ilimin mata a ƙasar Hausa, lalle ne ya tsaya da ladabi a gaban dattijan matan nan da ake kira jaji, waɗanda Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta naɗa, ta ɗora wa kowacce malfa da jan rawani alamar izini. Mafi yawansu kakanni ne da shekaru suka riga suka ja, amma duk da haka sukan taso daga ƙauyuka masu nisa a ƙafa, su jagoranci mata ɗalibai da ake kira 'Yan Taru zuwa wurin malamarsu, su haddace waƙoƙin tauhidi da fiƙihu, sa'an nan su koma su karantar da matan da aure ya tsare a gida, ba don lada daga hannun kowa ba. A ganina wannan sadaka ce mai gudana, domin bayan rasuwar Nana a 1864 ƙanwarta Maryamu ta riƙe aikin, bai yanke ba. Mai karatu, in akwai tsohuwar da ta koya maka alwala, ka sa ta a addu'a.