Harshe da Son Rai a Labaran Majalisa: Sharhi kan Rahotannin Kudurorin Haraji na 2024

1.0 Gabatarwa

A watan Oktoba na 2024 Shugaba Bola Tinubu ya aika wa Majalisar Tarayya kudurori huɗu kan harkar haraji, bisa aikin kwamitin da Taiwo Oyedele ya jagoranta. Kasancewar aiki ya zaunar da ni a Kudu, na riƙa karanta jaridun Ingilishi da safe, da dare kuma in saurari gidajen rediyon Hausa, har na ga kamar dokoki biyu daban ake tattaunawa. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa ba lallai sai ɗan jarida ya yi ƙarya ba kafin ya ɓatar da jama'a; zaɓen kalma da tsame rabin zance sun isa.

2.0 Sunan da Aka Raɗa wa Abu

Tun daga suna aka fara yanke hukunci. Masu goyon baya sun kira kudurorin "gyaran haraji", masu adawa kuma suka kira su "ƙarin haraji". Kalmar gyara tana ɗauke da zaton cewa abu ya lalace, don haka duk mai jayayya ya zama mai son ɓarna. Kalmar ƙari kuwa ta ɗauki sashe ɗaya ta rufe sauran. Gaskiya ne an nemi ɗaga harajin kayan masarufi, wato VAT, daga kashi 7.5 cikin ɗari zuwa 10, sannan a hankali ya kai 15 a 2030. Amma kudurorin sun kuma tanadi yafe harajin kuɗin shiga ga wanda samunsa bai wuce naira 800,000 a shekara ba. Kowane ɓangare ya ɗauki wanda ya yi masa daɗi, ya yi shiru a kan ɗayan.

3.0 Kalma Ɗaya, Ma'ana Biyu

Gundarin rikicin shi ne kalmar Ingilishi ta derivation. A tsohon tsari, kason jihohi na VAT ana raba kashi 50 daidai wa daida, kashi 30 bisa yawan jama'a, kashi 20 kuma bisa inda kuɗin suka fito. Kudurin ya nemi ɗaga wannan kaso na ƙarshe zuwa 60. Sai dai ya zo da wani sauyi: maimakon a lissafa kuɗin ga jihar da hedikwatar kamfani take, wanda ya daɗe yana fifita Legas, a lissafa su ga inda aka yi amfani da kayan.

Rahotanni da dama na Hausa sun kawo tashin kason daga 20 zuwa 60 ba tare da bayyana sauyin ma'aunin ba. Da aka fassara kalmar da "tushe" ko "asali", sai hankalin mai sauraro ya koma ga kashi 13 da jihohi masu man fetur ke samu, alhali batutuwan biyu hanyar jirgi daban, ta mota daban. A ɗaya ɓangaren, wasu jaridun Kudu sun yayata sauyin ma'aunin, suka taƙaita zancen raguwar kason daidaito, wanda shi ne madogarar jihohi masu ƙarancin kamfanoni. Tambayar da ta dace, wato ta yaya za a tantance inda aka yi amfani da kaya, ba ta samu fili ba.

4.0 "Arewa" a Matsayin Aikau

A nahawu, wanda aka ɗora a gurbin aikau shi ke ɗaukar nauyin aiki. Bayan taron gwamnonin Arewa da sarakuna a Kaduna ranar 28 ga Oktoba 2024, kanun labarai sun mayar da yanki sukutum mutum guda mai baki ɗaya. Kwana uku bayan haka Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda ta ƙunshi gwamnoni 36, ta ba da shawarar a janye kudurorin don faɗaɗa tuntuɓa, kuma Gwamna Seyi Makinde na Oyo ne ya sanar da hakan. Wannan bai dace da labarin Arewa da Kudu ba, saboda haka bai yi tsawon rai a bakin 'yan sharhi ba.

5.0 Kuduri da Doka

Hausa ta bambanta kuduri da doka, amma masu fassara sukan cakuɗa su. Da kudurorin suka tsallake karatu na biyu a Majalisar Dattawa a ƙarshen Nuwamba 2024, aikatau "amince" ya sa mutane da yawa suka ɗauka bakin alƙalami ya bushe, alhali ko sauraron ra'ayin jama'a ba a yi ba. Abin da aka sanya wa hannu ranar 26 ga Yuni 2025 ya bambanta da na farko: VAT ya tsaya a 7.5, rabon jihohi ya koma kashi 50 na daidaito, 20 na yawan jama'a, 30 na amfani da kaya. Wannan sakamako bai samu rabin amon da tsoron farko ya samu ba.

6.0 Kammalawa

Wanda bai iya karanta kuduri da Ingilishi ba, abin da mai fassara ya ba shi shi ne doka a wurinsa. Idan an ba shi rabi, da rabin zai yi fushi, da shi kuma zai je rumfar zaɓe. Saboda haka ya kamata sassan nazarin harsunan Nijeriya su haɗa kai da ɗakunan labarai wajen daidaita keɓaɓɓun kalmomin majalisa da na haraji a Hausa da Yarbanci da Ibo, tare da bayanin matakan da kuduri ke bi kafin ya zama doka. In ba haka ba, kowane sabon kuduri zai riƙa isa ga jama'a da hukuncinsa a rataye a wuyansa.