Waƙar Gudun Duniya: Wa Ake Yi Wa Ita?

A 'yan shekarun nan waƙar wa'azi ta koma cikin waya. Saurayi zai shiga situdiyo a Sakkwato ko Kano, a ɗora masa fiyano, ya rera baitoci kan cewa duniya ba matabbata ba ce, a haɗa da hoton makara da likkafani, a watsa a WhatsApp da TikTok. Da gobara ta tashi, ko 'yan bindiga sun kore shanu a wani ƙauyen Kebbe ko Tambuwal, kafin 'yan jaje su watse waƙar ta riga ta iso wayar mai asara. Ba wa'azin nake ƙi ba. Damuwata ita ce an juya bakin waƙar: yau wanda ya rasa ake yi wa ita, alhali tun asali wanda ya tara aka fi nufi.

Mu a nan Fakku ba baƙi ba ne ga wannan adabi. Tambuwal ribaɗin Muhammadu Buhari ɗan Shehu ne, shi ma mawaƙi, ga Gwandu kusa. Waɗanda suka rubuta waƙoƙin zuhudu a ƙasar nan sun san asara da jikinsu. A watan Fabrairun 1804 Shehu Usmanu da jama'arsa suka bar Degel zuwa Gudu, suka bar gidaje da gonaki. Nana Asma'u tana yarinya 'yar shekara goma da ɗoriya a cikin ayarin. Yunwa ta biyo baya, ga yaƙin Tsuntsuwa inda mahaddata da yawa suka kwanta dama, ga Alwasa a 1805. Wanda ya ratsa wannan in ya ce duniya ba komai ba ce, ka saurara, domin ya riƙe ta a hannu ya ga yadda take suɓucewa.

Amma duba inda suka auna maganarsu bayan an fara samun nasara. A 1807 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya sulale daga rundunar da ta nufi Alƙalawa, ya yi niyyar Makka, don ya ga jama'arsu sun fara rububin dawakai, manyan riguna da muƙamai. Kanawa suka tsayar da shi, a can ya rubuta Liya'ul Hukkami, littafi kan yadda ake mulki. Kukan nasa yana cikin littafinsa Tazyinul Waraƙati, kuma da 'yan uwansa masu tuta yake, ba da manomin da rumbunsa ya ƙone ba. Haka Tabbat Haƙiƙa, wadda Shehu ya tsara da Fulatanci, Asma'u ta mayar Hausa: alƙali mai karɓar toshiya da mai mulkin da ke cin kayan talakawa take tsoratarwa da wuta.

Ko a Amurka, cikin Kiristoci masu tsananin ibada da suka yi ƙaura daga Ingila, an yi wata mawaƙiya, Anne Bradstreet, wadda gidanta ya ƙone ƙurmus a daren 10 ga Yuli, 1666, har da ɗaruruwan littattafai. Ta yi waƙa a kai. Sai da ta bi kangon da ido, ta tuna inda akwatinta yake da teburin da baƙi ke cin abinci, sannan ta lallashi zuciyarta da gidan lahira. Gidanta ne, kanta take wa wa'azi, kuma ba ta tsallake baƙin cikin ba.

Wannan tsallaken ne ke ci mini rai a sababbin waƙoƙin. Duk wanda ya taɓa zuwa jajen gobara ya san abin da ake tararwa: dammunan gero sun zama gawayi suna ta hayaƙi har wayewar gari, uwar gida tana tona toka da kara tana zaro kwanonin jerenta da suka lanƙwashe, maigida a tsugune yana lissafin watannin da suka rage kafin kaka. Mutumin nan ya riga ya ce innalillahi tun kafin ka iso. Tiyar hatsi yake buƙata, da wanda zai tambayi dalilin da ya sa motar kashe gobara take nesa da shi haka, da dalilin da ya sa ɓarayin shanu ke shiga su fita ba mai tare su. Annabi (SAW) kansa ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim.

Akwai mawaƙa matasa masu murya da basira, kuma na san situdiyo kuɗi yake ci. Sai dai wanda ya yi waƙar likkafani a wannan mako, mako mai zuwa ya yi wa mai muƙami kirari don ya samu mota, ya rage wa waƙar farko nauyi da bakinsa. In har yana son gadon Abdullahi da Asma'u, to baitocin Tabbat Haƙiƙa suna nan a bakin tsofaffin malamai daga Tambuwal har Gwandu. Ya je ya koya, ya rera su a taron da hakimi, alƙali da shugaban ƙaramar hukuma suke zaune a sahun gaba.