Gwangwanin Fim da Rayuwar Tsofaffin Kyamarori Masu Auna Nisa

Kyamarar Leica II da aka ƙera a Jamus a 1932, idan an kula da ita, za ta karɓi fim ɗin da aka sayo a shago yau, ta ɗauki hoto tsaf. Kayan aikin da suka haura shekara casa'in kuma har yanzu ana sayar da abin da suke ci ba su da yawa a duniya. Masu son irin waɗannan kyamarori sun fi yabon kyawun ƙira da kaifin gilashi. Ni kuwa a ganina, abin da ya riƙe musu rai shi ne ɗan gwangwanin da fim ke zama a ciki. Shi ne ya raba kyamarar da ke aiki da wadda ta koma kayan ado, kuma a kansa maganar araha da tsada take tsayawa.

Kyamara mai auna nisa tana da ƙananan tagogi a gabanta. Idan mai hoto ya kafa ido, zai ga wani ɗan fili mai haske a tsakiya, inda abin da yake son ɗauka ya rabu gida biyu, kamar inuwa a kan inuwa. Sai ya riƙa murɗa idon kyamarar a hankali har siffofin biyu su haɗu su zama ɗaya. Da sun haɗu, nisa ya daidaita, hoto zai fito garau. Ba ta da madubin da ke tashi yana bugawa a ciki, don haka ba ta da nauyi, ba ta da ƙara. Wannan ne ya sa masu ɗaukar hoton titi da fagen yaƙi suka rungume ta. Henri Cartier-Bresson na Faransa ya shafe rayuwarsa da Leica, Robert Capa kuma da Contax ya shiga ruwan gaɓar Normandy tare da sojojin Amurka a 1944.

Tushen abin yana wurin Oskar Barnack, ma'aikacin kamfanin Leitz a garin Wetzlar. Shi ya ɗauko fim ɗin silima mai faɗin milimita 35, ya sa kowane hoto ya ci milimita 24 sau 36. An fito da Leica kasuwa a 1925. A lokacin, mai kyamara shi ke shiga ɗaki mai duhu, ya yanko fim daga babban naɗi, ya ɗura a gwangwaninsa na tagulla. Gwangwanin Leitz, wanda ake kira FILCA, aiki ne na gwanaye. Kwanso biyu ne, ɗaya cikin ɗaya. A waje yana rufe ruf, haske ba ya shiga. Idan aka saka shi a kyamara aka murɗa makullin gindinta, makullin nan shi ke juya kwanson ciki, ƙofa ta buɗe, fim ya riƙa wucewa bai goga da komai ba. Idan aka kwance makullin, gwangwanin ya sake rufe kansa.

Matsalar ita ce kowa da kiwon da ya karɓe shi. Zeiss Ikon na Dresden, da ya fito da Contax a 1932, ya yi nasa gwangwanin daban. Daga baya Nikon da Canon na Japan suka yi nasu. Galibi na wannan ba ya aiki a cikin wancan. Ko a gida ɗaya ma an samu saɓani: da Leica M3 ta fito a 1954, sai ya zamana FILCA ya yi mata tsawo da kusan milimita biyu, dole aka koma ga gajere mai suna IXMOO, wanda ke shiga tsofaffi da sababbi.

Kodak ne ya kawo abin da ya haɗa kan kowa. A 1934 ya fito da fim mai lamba 135, wanda aka ɗure tun daga masana'anta a gwangwanin da ake iya sakawa da rana tsaka, tare da kyamarar Retina da August Nagel ya ƙera a Stuttgart. Bakin gwangwanin an liƙa masa ƙyalle mai laushi irin karammiski, shi ke tare haske yayin da fim ke fita. Hikimar da aka yi ita ce an auna shi yadda zai shiga Leica da Contax, ba Retina kaɗai ba. Gwangwanin tagulla ya fi shi inganci nesa ba kusa ba, domin ƙyallen bakin nan kan riƙe ƙura ya karce fim. Amma duk da haka shi ya yi nasara, saboda kowa na iya saye, kuma kowace kyamara na karɓa. Har yau wanda ya saka shi a wasu tsofaffin Leica masu jikin da aka auna da FILCA yakan ga hoton ya ɗan zame ya taɓa hujojin gefen fim, saboda gwangwanin zamani ya ɗan fi gajarta. Ƙaramin aibi ne, ba ya hana aiki.

Idan ana son ganin darajar wannan haɗin kai, a dubi waɗanda suka ware. Kodak Bantam Special ta 1936 kyakkyawa ce ƙwarai, amma fim ɗinta mai lamba 828 an daɗe da daina yin sa. Kodak Medalist ta 1941 tana da gilashi mai kaifi, sai dai fim 620 take ci, wanda Kodak ya dakatar a 1995. Mai ita a yau yakan sayi fim 120, ya shiga duhu ya warware, ya sake naɗewa a siririyar sandar 620. Agfa ma ya yi nasa gwangwanin na Karat mai hoto goma sha biyu, har ya sake farfaɗo da shi a 1964 da sunan Rapid, amma tun a 1948 ya fito da Karat 36 mai cin 135, alamar ya ga inda kasuwa ta dosa. Irin waɗannan kyamarori sukan yi arha a wurin masu sayar da tsofaffin kaya, kuma arhar nan tarko ce ga wanda bai sani ba. Mai sayen doki, kafin ya taya, sai ya san inda zai samo harawa.

A cikin masu cin 135 kuwa, tazarar farashi ta wuce misali. A 2022 an yi gwanjon wata Leica ta gwaji mai lamba 105, wadda Barnack ya riƙe da hannunsa, a kan Yuro miliyan 14.4. Wannan harkar masu tara kayan tarihi ce. Talakan mai hoto, Tarayyar Sobiyet ce ta yi masa rana. A 1934 aka fara ƙera FED a Kharkiv ta Yukren, a wata cibiyar tarbiyyar yara marasa galihu da malamin nan Anton Makarenko ya jagoranta, kuma kwaikwayon Leica II ce kai tsaye. Zorki ta biyo baya a 1948 daga masana'antar Krasnogorsk kusa da Mosko. Samfurin Zorki 4 kaɗai, daga 1956 zuwa 1973, an yi fiye da miliyan 1.7. Kiev kuwa Contax ce da ta yi ƙaura: bayan Yaƙin Duniya na Biyu an kwashe injinan Zeiss a matsayin diyyar yaƙi zuwa masana'antar Arsenal, aka ci gaba da ƙera ta a can. Gilashin Jupiter-8 da ke zuwa da yawancin Kiev, tsarin Sonnar na Zeiss ne. A Amurka, Argus C3 ta yi irin wannan aiki daga 1939 zuwa 1966. A Japan kuma aka samu Yashica Electro 35 ta 1966, da Canonet QL17 GIII ta 1972 wadda aka sayar da fiye da miliyan ɗaya. Yawansu ne ya karya farashinsu, ba rashin kyau ba.

Sai dai kowace tana da halinta. Tsofaffin Leica da FED da Zorki na farko ta gindi ake ɗura musu fim, bayansu ba ya buɗewa. Dole a sa almakashi a rage faɗin harshen fim ɗin har tsawon kusan santimita goma, a zagaye kusurwar, kada a yanka ta tsakiyar huji. Wanda ya yi ganganci, ɓarɓashin fim zai karye ya maƙale a labulen da ke buɗewa haske ya shiga kyamara. Sandar da ke naɗe fim a yawancinsu cirewa ake yi, kuma sau da yawa takan ɓace kafin kyamarar ta iso hannun mai saye na biyar. A FED da Zorki ba a sauya saurin ɗauka sai an ɗana kyamarar tukuna, in ba haka ba a lalata injin. Labulensu na ƙyalle ne mai roba, idan aka bar ido a buɗe yana kallon rana, sai ta ƙona masa huji. Na Japan kuma da yawansu an yi su ne don batir mai sinadarin zaiba, wanda aka hana sayarwa, sai an nemi madadi.

Wannan ya kawo mu ga lissafi na gaskiya. Kuɗin kyamara sau ɗaya ake biya, kuɗin fim da wanki kuwa kullum ne. Mai Leica da mai Zorki farashi ɗaya suke sayen fim, kuma cikin ɗan lokaci abin da mai Zorki ya kashe a fim zai zarce abin da ya sayi kyamarar. Shi ya sa al'adar zamanin Barnack ta dawo. Ana sayen babban naɗi na mita 30.5 daga irin su Ilford na Ingila ko Foma na ƙasar Cek, a yanka shi gida goma sha takwas ko kusa da haka, kowanne mai hoto 36, a ɗura a tsofaffin gwangwanaye. Wasu na karɓo fankon gwangwani daga masu wankin hoto, su liƙa sabon fim a ɗan harshen da ya rage. Tsohuwar kyamara ba ta karanta alamomin da ke jikin gwangwanin zamani, don haka ba ruwanta da wane tambari ke kai. Fim baƙi da fari kuma ana wanke shi a gida da ƙaramin tanki da magunguna biyu ko uku. Mai IXMOO ko gwangwanin Kiev ya fi kowa more wannan hanya, domin nasa ba ya tsufa.

Akwai abin da ya sa nake ganin wannan al'ada ta cancanci a riƙe ta. Kayan da ake yi mana yanzu, ranar da kamfani ya daina yin batir ko manhajarsu, ranar suka mutu. Waɗannan kuwa ƙarfe ne da gilashi da ƙananan ƙusoshi, mai gyara na iya kwance su ya wanke ya sa mai, su sake yin wasu shekaru. An ce da tsohuwar zuma ake magani, amma a nan sharaɗin shi ne ma'auni ɗaya da kamfanoni masu gaba da juna suka yarda su bi.

Don haka, mai karatu, idan tsohuwar kyamara ta burge ka, kada suna ya ruɗe ka, kada arha ta ja ka. Fara tambaya ko fim 135 take ci. Buɗe ta ka ga sandar naɗi na nan. Ɗaga labulen ga haske ka nemi huji, ka duba gilashi ko ya yi fumfuna, ka leƙa ka tabbata siffofin biyu suna haɗuwa. Ka san inda za ka sami fim da inda za ka wanke, kuma a ƙasa mai zafi irin tamu ka ajiye fim a wuri mai sanyi. Idan waɗannan sun cika, saya ka yi aiki da ita.