Kiɗan Nan-Take da Ba Shi da Take

A ƙasar Hausa, idan makaɗi ya rataya kalangu ya soma bugawa, ko bai buɗe baki ba mai sauraro yakan san abin da ake faɗi. Kalangu yana bin hawa da saukar muryar ɗan Adam, saboda haka abin da kunnen baƙo yake ɗauka amo ne kawai, kunnen ɗan gari yana jin sa a matsayin magana: sunan wani, ko kirarin gidansu, ko zambon da aka yi wa abokin hamayyarsa. Wannan shi ake kira take. Mahauta suna da nasu a kalangu, maharba a garaya, manoma a ganga, kuma babu ɗan damben kirki da ba ya zabura idan an taɓa nasa. Haka abin yake a wajen Zabarmawa: jasare irin su Jado Seku da Jeliba Baje, kowane gwarzon da za su ba da labarinsa yana da amonsa a kan molo, wanda masu sauraro suke ganewa tun kafin a ambaci sunansa. Al'ummar da ta tashi da irin wannan kunne, tambayarta ta farko ga kowane kiɗa ita ce: me yake cewa?

Tun da wayar salula mai intanet ta yawaita a Yamai, wani kiɗa na dabam ya soma leƙowa fadodin matasa, har da na Gamkalle, tsohon ƙauyen bakin kogin Isa da birni ya haɗiye, inda Zabarmanci da Hausa suke cakuɗe a baki ɗaya. Kiɗan gita ne na mutum guda, ba waƙa, ba ganga, ba rawa. Yana tafiya sannu a hankali, kowane amo yana daɗewa kafin ya ɓace, kuma mai yin sa bai shirya abin da zai kaɗa ba, nan take yake ƙirƙira. Masu koyar da shi a YouTube, da Turancin Ingilishi ko da Faransanci, suna kiran sa kiɗan yanayi, wato kiɗan da aikinsa shi ne ya sa wa wuri wani yanayi na kewa, ko kaɗaici, ko zurfin tunani.

Ya kamata mai karatu ya san abin da irin wannan darasi yake ƙunsa, domin kusan duka tafarki ɗaya suke bi. Da fari ana sa ɗalibi ya bar tsirkiya guda tana gurnani a ƙasa ba tare da ya danne ta ba, ta zama kamar ƙasar da za a yi gini a kanta. Sannan a ba shi ɗan tsanin amo, galibi mai matakai biyar, a ce ya yi yawo a ciki, kada ya yi gaggawa, kada ya cika wuri. Bayan haka sai a koya masa ɓoye bugun yatsa: ya rage ƙarar gitar gaba ɗaya, ya taɓa tsirkiya, sa'an nan ya ɗaga ƙarar a hankali da ƙaramin yatsa, ta yadda amon zai ɓullo kamar na goge. Daga ƙarshe na'urori su karɓi sauran aikin. Wata tana maimaita kowane amo sau da yawa yana raguwa, wata tana faɗaɗa shi kamar an kaɗa a cikin babban zaure da ba kowa, wata kuma tana naɗe ɗan guntun kiɗa ta riƙa juya shi, mai gita yana ɗora wani a kai. Wanda ba shi da kuɗin waɗannan na'urori yana iya samun kwaikwayonsu a cikin waya.

Adalci ne a faɗi alherin wannan darasi kafin a faɗi aibinsa. Yana koya wa matashi haƙuri, abin da kiɗan biki ba ya koyarwa, domin a wajen biki wanda ya fi sauri da ƙara shi ake yi wa liƙi. Yana koya masa cewa shiru ma kayan aiki ne, cewa amo uku da aka ajiye a muhallinsu sun fi talatin da aka watsa. Yana buɗe ƙofa ga wanda ba ɗan gidan makaɗa ba, da yarinyar da ba za a bar ta ta bi ƙungiya yawon dare ba, su koyi sana'ar a cikin ɗaki. Bugu da ƙari, tsanin nan mai matakai biyar ba baƙo ba ne a Sahel, a kansa yawancin kaɗe-kaɗen yankin suke tafiya, shi ya sa yatsun ɗan Gamkalle suke saurin sabawa da shi.

Aibin yana nan ne daidai inda sauƙin yake. Amsa-kuwwar na'ura tana ƙawata kowane amo, mai kyau da maras kyau, kamar yadda hazo yake ɓoye munin gari da kyansa gaba ɗaya. Ɗalibin da ya yi mako biyu da gita yana iya fitar da abin da zai sa mai wucewa ya tsaya, sai ya zaci ya iso, alhali na'ura ce ta yi magana a madadinsa. Akwai gwaji mai sauƙi wanda lokacin zafi a Yamai yake yi wa kowa kyauta: idan wutar lantarki ta ɗauke, lasifika ta yi shiru, me ya rage a hannun makaɗin? Idan akwai jimla, wato amon da yake da farko da ƙarshe, wanda yaro zai iya tafiya da shi yana fito, to akwai kiɗa. Idan kuwa ƴan amo ne warwatse da suke jiran hazo ya haɗa su, to abin da aka koya shi ne sarrafa na'ura.

Masu iya magana sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ƙirƙirar nan take ba ta taɓa fitowa daga wofi ba. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya shahara da tsara waƙa a tsaye a gaban jama'a, amma yana yin haka ne a kan kalangu da amshi da suke riƙe masa ƙasa, da rumbun karin magana da tarihin mutane da ya tara shekara da shekaru. Ko a ƙasashen da wannan kiɗan yanayi ya fito, haka manyansa suka yi. Sa'ad da Ry Cooder ya yi wa fim ɗin Paris, Texas na 1984 kiɗan gitar da har yau masu darussa suke kwaikwayo, ya gina shi ne a kan wani faifai da makaho Blind Willie Johnson ya naɗa a 1927, shi kuma wancan daga waƙar coci ya samo shi. Miles Davis, a daren da ya busa wa fim ɗin Louis Malle ƙaho a Paris cikin Disamba 1957, yana kallon hotunan fim ɗin ne a bango yana ba su amsa, kamar yadda Neil Young ya yi da gitarsa a fim ɗin Dead Man na 1995. Kowannensu yana da abin da yake kallo ko abin da yake tunawa. Darasin minti goma yana miƙa wa ɗalibi launin amon, ba ya iya miƙa masa abin da ya haifi launin.

Koyo daga allo ba sabon abu ba ne ga makaɗan gita na Nijar, kuma tarihinsu ya nuna yadda ake aro ba a ɓace ba. Bombino, yana yaro a gudun hijira a Aljeriya da Libiya, ya yi ta kallon bidiyon Jimi Hendrix da Mark Knopfler yana kwaikwayon yatsunsu, amma da ya koma Agadas abin da ya fito daga gitarsa na Abzin ne. Mdou Moctar, wanda ya haɗa gitarsa ta farko da wayar birkin keke, ya naɗi kundinsa Anar a Sakkwato a 2008, waƙoƙinsa suka yi ta yawo daga waya zuwa waya kafin wani kamfanin faifai ya san da shi. Daga baya ya ɗauki dabarun manyan makaɗan Amurka, ya ɗora su a kan takamba da kiɗan bikin garinsu. Fatou Seidi Ghali ta Les Filles de Illighadad ta koyi gita a kan ta ɗan'uwanta, ta kuma ɗaure ta da tende, kiɗan matan Abzinawa da ake yi da turmi da fatar akuya.

Kalmar da Abzinawa suke kiran wannan kiɗa da ita, asuf, tana nufin kewa da kaɗaicin wanda ya yi nisa da gida. Wato yanayin da malamin YouTube yake neman haɗawa da na'ura uku, suna da sunansa tun tuni, kuma sun san dalilinsa: farin shekarun 1970 da 1980 da ya kashe dabbobi ya watsa matasa, zaman baƙunci a ƙasashen mutane, da tawayen da aka rufe da yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995. A wancan zamani kaset ɗin Abdallah Oumbadougou, wanda ya rasu a 2020, a ɓoye ake sauraron su. Kewar da ke cikin gitarsa tana da wanda ake kewa da wurin da ake kewa, shi ya sa ko wanda ba ya jin Tamashek yake jin nauyinta.

Misalin da ya fi kusa da ɗan Gamkalle kuwa a cikin Yamai yake. A 1978 ne Brian Eno ya fitar a Ingila da faifan Music for Airports, wanda ake ɗauka shi ya raɗa wa kiɗan yanayi suna, kiɗan da ya ce ana iya sauraronsa ana kuma iya ƙyale shi. A daidai wannan shekara, wani malamin makaranta, Mamman Sani, ya naɗi kaset a gidan rediyon ƙasa da wata ogan ta lantarki ƙirar Italiya. Kiɗa ne mai sanyi, mai maimaici, ba waƙa a cikinsa, kuma shekaru da dama rediyo da talabijin na Nijar suna cike tazarar shirye-shiryensu da shi, har mutane da yawa suka san amon ba su san mai shi ba. Sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi, duniya ta ji. Na'urar ta Turai ce, sanyin tafiyar ya yi kama da na Eno, amma jimlolin da yawa daga waƙoƙin gargajiyar ƙasar aka tsamo su. Mai sauraro a Berlin yana jin yanayi. Tsohuwa a Yamai tana iya jin waƙar da ta sani a ƙarƙashinsa. Kiɗan yana da ƙofa biyu, kuma wannan ne ya sa bai tsufa ba.

Wani zai ce: ina laifin kiɗan da ba ya cewa komai? Ashe matashin da ya gaji da hayaniyar birni, da waƙoƙin yabon masu kuɗi da na siyasa, ba shi da ikon ya nemi amon da ba ya roƙon kowa? Wannan magana tana da ƙarfi, domin take ya daɗe yana tafiya tare da roƙo, kuma akwai ƴanci na gaske a cikin kiɗan da ba a yi shi don aljihun wani ba. Sai dai raba kiɗa da roƙo dabam, raba shi da ma'ana dabam. Take na iya zama na wuri, ko na sana'a, ko na lokaci. Gamkalle tana da majema a bakin kogi da masu lambu da masu jirgin ruwa, tana da damina da ruwa yake cin gidaje, tana da waƙoƙin daka da na reno a harsuna biyu. Duk wannan rumbu ne, kuma babu darasin da aka naɗa a wata nahiya da zai iya buɗe shi.

Abin da ke cikin haɗari ya wuce sunan makaɗi ɗaya. Malam Maman Barka, shi ma tsohon malamin makaranta, ya tafi yankin tafkin Cadi a 2002 ya zauna wajen Bukar Tar domin ya karɓi biram, kayan kiɗan masuntan Buduma mai tsirkiya biyar, a lokacin da masu iya shi suka kusa ƙarewa. Ya rasu a 2018. Cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya da ke Yamai, wadda aka kafa a 1989 kuma inda ya yi aiki, tana adana kayan kiɗan gargajiya, amma kayan da aka rataye a bango ba ya koya wa kowa take. Idan zuriyar da ta fi kowace samun gita da na'urar naɗa ta kasance ita ce ta farko da ba ta haddace amon molo ko gurmi ko ɗaya ba, to za ta iya kaɗa kewar kowace ƙasa ban da tata. Kayan aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

Magani ba shi ne a rufe waya ba. A ɗauki dabarar daga darasi, domin dabara ce mai kyau. Amma kafin a kunna amsa-kuwwa, ɗalibi ya nemi jimla guda daga bakin kakarsa, ko daga tsohon kaset na jasare, ko daga mai gurmin unguwa, ya koye ta da gita tsurarta har ta zauna a yatsunsa. Sa'an nan ya ja ta, ya rage mata sauri, ya karya ta, ya bar shiru a tsakaninta yadda malamin allo ya koya masa. Malaman cibiyar Taya da na makarantu suna iya taimakawa ta hanyar naɗar tsofaffin da suka rage da sa amonsu inda waya za ta same shi, tunda a can ne ɗalibai suke nema. Wanda ya bi wannan hanya zai sami abin da dubban masu bin darasi ɗaya a duniya ba su da shi, kuma idan dattijon unguwa ya tambaye shi me kiɗan yake cewa, yana da amsa.