A faɗi doka kafin a raba kati

'Yan wot, ku zo mu yi ta ta ƙare. Wata ɗabi'a ta addabi majalisunmu, kuma ni kam ta ishe ni: mutum ba ya tuna doka sai kati ya juya masa baya.

Ka sauke masa 2, maimakon ya miƙa hannu kasuwa ya kwashi biyunsa, sai ya zaro nasa 2 ɗin ya ɗora, wai a unguwarsu ana karewa, na gaba ya ɗauki huɗu. To Malam, lokacin da ake rabo ina bakinka yake? Ka ga bawan Allah ya lallaɓa ya rage kati biyu a hannu, ya fara gyara zama, sai a jibga masa huɗu da dokar da bai taɓa ji ba. Haba!

Haka rigimar 5. A wasu wuraren uku ake ɗauka, a wasu kuma kati ne kamar saura. Mutumin naku zai yi gum har sai ya leƙa ya ga yana da 5 guda biyu, sannan ya rantse cewa tun yana yaro uku ake ɗauka. Zagaye na gaba in a hannunka suke, sai ya ce ai wannan ba dokar nan ba ce. Ana fita da 20 ko ba a fita? Wannan ma amsarsa na hannun wanda ya riƙe 20 ɗin. Ko wajen ƙirga, tauraro da ake ninkawa, 8 ya zama 16, sai ka ji wanda ya tara taurari yana cewa shi bai san da zancen ba.

Na yarda, kowace majalisa da nata salon, kuma yana ƙara armashi. Wasan ma daga Ingila ya zo, William Storey ne ya ƙirƙiro shi a 1935, mu muka raine shi yadda muke so. Amma kati 54 ne kacal, dokokin da ake gardama a kansu ba su da yawa, minti ɗaya ya isa a daddale su.

Don Allah mai rabo, kafin ka miƙa wa kowa kati ka tambaya: ana kare 2? Ana ɗaukar uku a 5? Ana fita da 20? Wanda bai yi magana a lokacin ba, ya ja bakinsa ya tafi kasuwa.