Aikin Gida da Ramuwar Darasi a Makarantun Firamare na Nijar

1. Gabatarwa

A Nijar, shekarar karatu kan soma a watan Oktoba, daidai lokacin girbin gero da wake. A ƙauyukan Maraɗi da Damagaram da Tawa, yara da dama ba sa leƙa aji sai an gama kai dammuna rumbu. Wasu azuzuwan ma na zana ne, ba a kafa su sai an samu kara bayan girbi. Ga zazzaɓin cizon sauro na ƙarshen damina, ga ranakun kasuwa. Ke nan fashin makaranta abu ne da ake iya hangowa kowace shekara. Wannan takarda ta duba hanyoyi biyu da aka saba bi don cike giɓin, wato aikin gida da ramuwar darasi.

2. Aikin gida

Aikin gida yana bukatar abu uku: lokaci da haske da wanda zai duba. Yarinyar da ta tashi daga makaranta tana da daka da ɗibar ruwa, wataƙila da talla. In dare ya yi, fitila ɗaya ce a gidan. Aikin kuma galibi da Faransanci yake, harshen da yawancin iyayen karkara ba sa karantawa. Sai yaro ya yi sammako ya kwafi amsar abokinsa a bakin aji. Makin da malam zai bayar ya fi nuna halin gidan yaron fiye da abin da ke kansa.

Matsalar ta fi tsanani ga wanda ya yi fashi. Amfanin aikin gida shi ne maimaita abin da aka riga aka koya. Wanda bai ga darasin ba, me zai maimaita?

3. Ramuwar darasi

Abin da ake yawan kira ramuwa shi ne a ce wa yaro ya ari littafin abokinsa ya kwafe. Littafi ya cika, amma darasi bai shiga ba. Karatu da lissafi hawa-hawa suke: ɗan aji na farko da ya rasa makon haɗa baƙi da wasali zai yi ta ɗingishi har ƙarshen shekara, domin malam yana bin tsarin wata-wata, ba ya waiwaye. A birane akwai darasin yamma na kuɗi, sai dai ɗan mai hali ne ke cin gajiyarsa. Binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa a Nijar ƙasa da kashi 10 cikin 100 na masu gama firamare ne suka kai matakin da ake bukata a karatu.

4. Darasi daga makarantar allo

Hausawa sun daɗe da wata hanya ta daban. A makarantar allo kowane yaro da allonsa, ba ya wankewa sai ya iya abin da ke kai. In ya yi mako bai zo ba, inda ya tsaya zai ɗora, wani na gaba da shi ya biya masa. Ƙa'idar ita ce a soma daga inda yaro yake. Ita ce kuma ƙungiyar Pratham ta Indiya ta gina tsarinta a kai: a gwada yara, a kasa su gwargwadon abin da suka iya, ko da ajinsu daban-daban ne. A Nijar, shirin da hukumar JICA ta Japan ta soma a jihar Tawa a 2004 ya ƙarfafa kwamitocin kula da makarantu, har wasunsu suka riƙa shirya ƙarin sa'o'in karatu bayan an tashi. Rauninsa shi ne dogaro da ƴan sa kai, waɗanda su ma gona ke jira.

5. Batun harshe

Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta koyarwa da Hausa a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a aji, a 2025 kuma aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Aikin gida shi ne wurin da ya fi sauƙin amfani da wannan dama. A tura yaro ya ji tatsuniya a bakin kakarsa ya rubuta jimla uku, ko ya tambayi mahaifiyarsa kuɗin tiyar gero da dala, ya ninka da 5 ya samu faran. Uwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana iya duba wannan.

6. Kammalawa

Tun da an san lokacin fashi, ya dace a tanadi ramuwarsa a cikin jadawali: gajeren gwaji ranar da yaro ya dawo, rabin sa'a ta biyawa da ƴan manyan azuzuwa za su riƙa yi wa ƙanana, da aikin gida kaɗan cikin harshen gida. Makarantun horar da malamai su ne ya kamata su fara koyar da haka.